Tagar Manang Pering

A tsibirinmu duk wanda zai tsallaka ruwa sai ya rusuna wa Perpetua Sumagaysay, wadda muke kira Manang Pering, wato Yaya Pering. Ba sarauta gare ta ba, ba kuma kuɗi ba. Kafintan da ya yi ɗakin sayar da tikiti a tashar jirgin fito ne gajere, ya auna tagar da tsawon kansa, ya karɓi ladansa ya yi gaba, ya bar mu da sunkuyo. Magajin Gari ya rusuna a tagar nan. Fadan coci ya rusuna da farar rigarsa. Hatta mai rakiyar gawa sai ya duƙa ya ce, "Manang Pering, a ba ni biyu, ɗaya na akwati." Ita kuwa tana ciki daram a kan kujerarta, fanka tana kaɗa mata, tana amsa gaisuwa da ka.

Ba ta taɓa faɗa da bakinta cewa abin yana mata daɗi ba. Amma duk wanda ya lura da yadda take jan jiki kafin ta miƙo tikiti in babban mutum ne a tagar, ba ya bukatar ya tambaya. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta da gona. Tagar nan ita ce mijinta, ita ce gonarta, kuma kowa ya san haka.

Da ma ba don taga aka haife ta ba. Ita ce babba a gidansu, kuma ita ce mai kai. Ranar da ta samu gurbin karatu a birnin Iloilo, ubanta Tatay Simo, wato Baba Simo, wanda masunci ne, ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa a bangon falo, daidai inda idon baƙo zai fara sauka. A wurinmu gidan da babu hoton ɗa cikin baƙar rigar digiri da hula mai tuntu a bangon falonsa, gida ne da ba a gama gininsa ba, ko da kuwa bene ne. Shekara ɗaya Pering ta yi a birni, guguwa ta zo ta farfasa kwalekwalen uban. Ba a yi doguwar shawara ba, don kowa ya san ƙa'ida: babba ce ke sauka don ƙanana su hau. Ta dawo gida, tsohon mai jirgin fito ya ba ta kujera a bayan taga, ta shiga tura ƙannenta makaranta ɗaya bayan ɗaya. Hotunansu suka yi ta hawa bango suna kewaye ƙusarta. Ita ƙusar, don kada ta zauna banza, aka rataya mata kalandar wani shagon siminti.

A zamanin nan digiri digiri ne. Masu shi a duk tsibirin ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ranar da ƙanenta Nicanor ya gama, an gasa alade, an ɗauko 'yan badujala daga wani gari, kuma daga ranar sunansa ya ɓata. Injiniya ake ce masa, har uwarsa da ta wanke masa kashi Injiniya take ce masa. Pering ce ta biya kuɗin aladen da na badujala, ita ce kuma ta wanke kwanonin da aka ci.

Ana nan, zaɓe ya matso, Magajin Gari ya buɗe mana kwaleji. Tsohon siton busasshiyar kwakwa aka share aka yi wa fenti, aka ce kowa ya zo, kyauta ne. Har yau in rana ta yi zafi ajin warin man kwakwa yake yi. Kada wani ya ɗauka ina kushe abin. Alheri ne, kuma duk wanda ya ce ba alheri ba ne, ubansa bai taɓa sayar da kwalekwale don kuɗin makaranta ba. Ranar buɗewa Pering ta yi kuka a bainar jama'a, ita da ko a jana'izar uwarta hawayenta a ɓoye ta yi su. Daga nan ta mai da tagarta ofishin neman ɗalibai. Yaro bai isa ya karɓi canjinsa ba sai ya amsa tambaya, kuma kowa Toto take ce masa, don haka muke kiran yaro namiji.

"Toto, ka yi rajista?"

"Manang, ni fa kifi nake kamawa."

"Kifin zai gudu ne? Ubanka ya kama, kakanka ya kama, me suka bar maka ban da ƙaiƙayin gishiri? Wuce ka rubuta sunanka, ko in gaya wa uwarka inda kake zuwa ran Lahadi."

Bayan 'yan shekaru abin ya fara 'ya'ya. Lokacin yaye ɗalibai ya yi, ba ka iya ganin sama a babban titi saboda tamfol. Kowane gida sai ya buga nasa, da fuskar ɗansa ƙatuwa cikin hula mai tuntu, da sunayen iyaye da na kakanni a ƙasa. In wata ya zagayo a sauke, don mu ba ma zubar da abu. Za ka ga fuskar mai digiri tana yi wa busasshen kifi inuwa, wata tana rufe akurkin kaji, wata an yi labulen banɗaki da ita. Kuma kusan duk ilimin tafiyar da kasuwanci suka karanta, don shi ne karatun da allo da alli suka ishe shi. Sai muka wayi gari da shaguna 'yan ƙalilan da manajoji ɗaruruwa.

Nong Berting, wato Yaya Berting, mai babur ɗin haya, wanda tashar jirgi ce wurin zamansa kuma tsokanar Pering ce rabin sana'arsa, shi ya fara faɗa. Ya sunkuyo tagar ya ce, "Manang, albishirinki. Ɗana ya gama digiri."

"Kai, madalla! Ina ya samu aiki?"

"Ga shi can a layi, bayan babur ɗina. Yanzu in fasinja ya zo sai in ce masa, jahili kake so ya kai ka ko manaja? Kuɗin ɗaya ne."

Pering ta ce masa ya yi haƙuri, ilimi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ga abin da ke tafe ba. Mai gidan burodi ta liƙa sanarwa tana neman yarinyar da za ta riƙa sa burodi a leda, sharaɗi sai mai digiri. Mai sayar da kayan gini ya bi sahu. Ba mugunta ba ce, in mutum ya ce yana neman ɗaya aka zo masa da tuli, dole ya nemi rariyar tacewa, rariyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce takarda. Pering tana jin labarin nan tana kaɗa kai, a ranta tana cewa ai ruwan bai kawo tagarta ba.

Tsohon mai jirgin ya mutu, ɗansa Ramil ya dawo daga birni da rufaffen takalmi ya gaji kamfanin. Wannan Ramil ɗin a ƙarƙashin teburin Pering ya yi barcin ranarsa yana yaro, ita ta riƙa share masa majina da gefen siket ɗinta. Shi kaɗai ne a tsibirin ba ya rusuna mata, don ta ƙofar baya yake shigowa. Wata rana bayan jirgin rana ya tashi ya shigo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Manang, akwai 'yar magana."

"Faɗi, Toto, kunnena biyu."

"Kin ga kullum sai an kawo mini takardun neman aiki, kuma duk masu digiri. Ga shi fuskar kamfani, wato tagar nan, wadda ke zaune a ciki ba ta da shi. Mutane suna magana."

"Su wa?"

"Mutane dai."

"Tikitin ne ya kai maka ƙara ya ce sai mai digiri zai yage shi?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Manang, ni na isa in kore ki? Ga kwaleji nan a bayan kasuwa, kyauta, ke ce ma kike tura mutane. Ki je ki yi. In kin gama, tagar nan taki ce har ki gaji don kanki."

Maganar ta yi mata ciwo, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwar kowa da kyau. Amma da ta koma gida ta ɗaga kalandar simintin ta ga ƙusar Tatay Simo tana nan, ta yi tsatsa amma ba ta girgiɗa ba, sai ciwon ya juye ya zama wani abu dabam. Tana dab da hamsin ta yi rajista.

Berting ya samu abin yi. Duk ranar Asabar in ta fito da farar riga da siket mai ninki irin na ɗalibai, sai ya buga oda ya ce, "Inday, 'yar yarinya, zo in kai ki makaranta kada malam ya zane ki! An ba ki kuɗin tara?"

"Berting, gemu ba ya hana ilimi."

"To ai ke ba gemu gare ki ba, furfura ce."

"Kai kuma ga gemun, ga jahilcin, ka haɗa biyu."

'Yan ajinta duk tun suna ciki ta san su, ita ta sayar wa iyayensu mata tikitin zuwa awo. Malaminsu ma yaro ne, in ya kira sunanta sai ya ɗan duƙa, ita kuma ta miƙe tsaye ta ba da amsa kamar yadda aka koya mata tun zamanin da. Abin da ba wanda ya zata, har ita, shi ne ta so karatun. Ta so shi so na gaske. Takan zauna a bayan taga tsakanin jirgi da jirgi tana bin layi da yatsa, leɓenta yana motsi, kan nan da aka ajiye shekara da shekaru yana buɗewa. Wanda ya gan ta a lokacin ya ga mace mai farin ciki, kuma ba na jin ta taɓa yin irinsa kafin nan ko bayan nan.

A shekarar ƙarshe aka zo kan sanin makamar aiki. Ƙa'ida ce, ba a ba ɗalibi digiri sai ya je wani kamfani ya yi watanni yana aiki ba albashi, shugaban wurin ya sa masa hannu ya ba shi maki. Kuma ba kowane kamfani ba, sai wanda ya ƙulla yarjejeniya da kwalejin. A tsibirin babu ko ɗaya, saboda haka yara birni suke tafiya, su kama ɗaki su cushe, su yi ta cin shinkafa da gishiri. Pering ta duba ta ga in ta tafi birni watanni, wa zai zauna a kujerarta? Ga kuma Jenalyn, wata marainiya da suke zama benci ɗaya, wadda ba ta da ko na jirgi balle na haya, har ta fara cewa za ta haƙura da digirin.

Nan dabara ta zo wa Pering, dabarar da ta yi ta yaba wa kanta a kai. Ta samu Ramil a ofis.

"Toto, sa hannu kawai za ka yi da kwaleji. In yi nawa sanin makamar a tagata, ba inda zan je. Yaran nan ma su samu wuri a gida, ka samu lada."

"To nawa ake biyansu?"

"Biya? Ko sisi. Maki suke nema. Har godiya za su yi maka."

Ramil ya ajiye biron da yake wasa da shi. "Kowace shekara ake turo su?"

"Wace shekara? Kowane zango. In waɗannan sun gama ga wasu a layi, ba sa ƙarewa."

Ya ɗaga kai yana kallon rufi, idonsa yana ƙyalli. Pering ta ɗauka tausayin marayu ne ya kama shi, har ta ce a ranta ashe yaron ya gado zuciyar ubansa. A makon ya sa hannu.

Haka Manang Pering ta zama mai koyon aiki a tagar da ta tsufa a cikinta. Aka rataya mata kati a wuya mai cewa ɗaliba ce. Ramil ya ce tun da ƙa'ida ta ce ba a biyan mai koyo, ba zai so ya ɓata mata takarda ba, sai ya dakatar da albashinta na watannin, ita kuma ta ga gaskiyarsa. Ta zaunar da Jenalyn kusa da ita ta ce za ta juye mata duk abin da ta tara a kanta na aikin nan. Ta yi tanadin watanni. Yarinyar ta iya cikin 'yan kwanaki. Karɓi kuɗi, yagi tikiti, buga hatimi, miƙa canji. Pering ta yi ta lalube ko akwai wani sirri da ta manta ba ta koya mata ba, ta rasa. Wannan ya sosa mata rai fiye da maganar albashi, amma ta haɗiye, ta ce yarinyar ce mai kai. Da watannin suka cika Ramil ya ba Jenalyn maki mafi girma. Ita Pering ya ba ta matsakaici, ya rubuta cewa tana da ƙoƙari amma tana bukatar ƙara fara'a ga fasinja.

Ranar yaye ta zo. Ta sa baƙar riga, ta ɗora hula, tuntu yana lilo a gefen furfura. Da aka kira sunanta duk siton ya miƙe, Berting ya yi ta buga oda a waje har aka fita aka tsawata masa. Injiniya ya zo daga birni ya gasa mata alade, ya yi jawabi ya ce duk abin da ya zama, Manang ce. Da la'asar ta cire kalandar siminti da hannunta ta rataya hotonta a ƙusar, ta ja da baya ta tsaya tana kallo, ta ce, "Tatay, ga shi nan. Ya yi latti, amma ga shi nan." Ramil ma bai bari an bar shi a baya ba. Ya buga tamfol mafi girma a tsibirin, ya ɗaura a saman ɗakin tikiti, fuskar Pering ta kai faɗin ƙofa, a ƙasa an rubuta cewa kamfani yana alfahari da ma'aikaciyarsa.

Ran Litinin ta yi wanka, ta shafa hoda, ta bi ta ƙofar baya kamar kullum. Ta tarar da 'yan mata biyu masu kati a wuya, ɗaya a kan kujerarta, ɗaya tana juya fankar ta fuskanci kanta. Ramil yana tsaye yana nuna musu hatimi.

"Toto, su wa ke nan?"

"Sababbin da kwaleji ta turo, Manang. Zango ya shiga."

"To su matsa in zauna."

Ya jawo ta gefe, ya rage murya, cike da ladabi. "Manang, yarjejeniya ce, ke kika kawo ta da hannunki. In na ce su tashi, yaran nan ba za su gama ba. Ke da bakinki za ki ce a hana 'ya'yan mutane digiri?"

"Ka ce in na gama tagar tawa ce."

"Na faɗa. Amma ki duba girman Allah ki duba kanki. Kin fi ƙarfin tagar nan yanzu. Mai digiri guda, mai hoto a saman gini, a ce tana zaune tana yagar tikiti, aikin da yara ke yi kyauta? Mutane za su yi magana."

Ta buɗe baki za ta ce su wa, sai ta tuna ta taɓa tambaya. Ta ɗauki kofinta da ɗan matashin da take jingina bayanta, ta fita. Berting yana ganinta da matashi a hammata ya gane. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya rufe, ya tashi babur ya kai ta gida bai karɓi kuɗi ba.

Ba ta zauna ba, don ba ta iya zama ba. Ta sa takardar digirinta a leda ta zagaya gari. Mai gidan burodi ta rungume ta, ta ba ta kujera, ta ce digiri kam ya yi, saura sharaɗi na biyu, kada a wuce shekara ashirin da biyar. Mai kayan gini ya ce ai shi ma ya sa hannu da kwaleji, Allah ya saka wa wanda ya fara kawo dabarar. Kafin damina ta fita duk shagon da ke da rufi a tsibirin yana da yaransa masu kati a wuya. Garin neman gira an rasa ido, in ji Berting, amma a bayan idonta ya faɗa, kuma ba da dariya ba.

Daga ƙarshe Injiniya ne ya buga waya. 'Yarsa ta haifi tagwaye, ga manyan suna firamare, ana neman wanda zai zauna da su. "Manang, ki zo kawai, gida gidanki ne, akwai ɗaki a bayan kicin. Tun da ma kina da digiri, sai ki riƙa duba musu aikin makaranta, mun huta da ɗaukar malami." Ta ce to. Ta share gidan, ta rufe tagogi. Ta daɗe a gaban hoton tana tunanin ko ta tafi da shi, sai ta ga ƙusar ta jima tana jira, ta bar mata abinta.

Da safe ta shiga layi a tasha da jakarta. An riga an sauke tamfol ɗin daga saman gini an ɗaura shi a kan gora ya zama rumfar masu jira, saboda haka a inuwar fuskarta ta tsaya. A bayanta Jenalyn ce, da tata takardar a leda, za ta birni neman abin yi. Suka gaisa, ba wadda ta tambayi wata ina za ta.

Tun da aka yanka tagar nan Pering ba ta taɓa zuwa mata ta waje ba, don ma'aikaci ba ya sayen tikiti. Da layi ya zo kanta ta ajiye jaka, ta dafa gwiwa, ta duƙa. Bayanta ya amsa. Ba ta san tagar ta kai haka ƙasa ba. Ta leƙa don ta ga wace yarinya ce a kujerar, ta ga duhu. Rana tana waje, ciki inuwa, ga sandunan ƙarfe, ga takardar farashi a liƙe. Ashe daga nan ba a ganin fuskar kowa. Hannu biyu kawai ake gani a kan katako, suna jiran kuɗi.

Wata murya da ba ta sani ba ta fito daga ciki, tana kiranta Lola, wato kaka. "Lola, a yi sauri, akwai mutane. Zuwa da dawowa?"

Pering ta tura kuɗinta ta ƙarƙashin ƙarfen.

"Zuwa kawai," in ji ta.